SAUYA WA TUWO SUNA



Bahaushe in ya ga an kawo masa tsohon abu cikin sabuwar riga, sai ya yi murmushi ya ce an dai sauya wa tuwo suna. Manufarsa ita ce suna ba ya taɓa zahirin abu, ko da wane yare ka kira shi, in ka kai loma baki tuwon nan ne dai da ka sani. Amma kuma Bahaushen nan shi ne ya ce suna linzami, wato da suna ake kamo mutum, da shi ake juya shi, in babu shi sai a rasa inda za a riƙe. To, wanne ne gaskiya a cikin biyun? Tambayar ta yi kama da irin ta masu zaman majalisa bayan isha'i, sai dai akwai mutanen da suka shafe shekaru masu yawa suna kokawa da ita a cikin kwamfuta, kuma amsar da suka bayar ta kusa raba ni da wasu abokan aikina na rubutu. Abin da ya sa na ga ya kamata in yi magana a kai ke nan.

Bari in fara da bayanin inda matsalar take, saboda mai karatun da bai taɓa cin karo da ita ba. Duk marubucin da ke aiki da kwamfuta ya san irin tarin fayil ɗin da ke taruwa masa: babi na uku, babi na uku gyararre, babi na uku na ƙarshe, babi na uku na ƙarshe na gaskiya. Bayan wata shida in aka tambaye shi wanne ne wanne, sai ya hau sosa ƙeya. Masu rubuta manhajar kwamfuta sun riga mu shan wannan wahalar, don haka suka ƙirƙiro abin da zan kira manhajar adana tarihin aiki. Fayil ɗinka ɗaya ne, amma duk lokacin da ka kai wani mataki sai ka yi ajiya, ita kuma manhajar ta rubuta wa ya yi, yaushe ya yi, me ya sauya, da ɗan bayanin dalili. In kuna da yawa a kan aiki ɗaya, kowa na iya tsiro da nasa reshen ya yi ta gyara, daga baya a haɗe rassan. Komai na tafiya lafiya lau har ranar da wani zai ce bari in sauya wa fayil ɗin nan suna, ko in ɗauke shi daga wannan jaka in kai shi waccan. Daga nan ne ake gane irin tunanin wanda ya gina manhajar.

Ta farko da aka fi ambata ita ce SCCS, wadda Marc Rochkind ya fara a Bell Labs ta Amurka a 1972. Bayanta Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fito da RCS a 1982. Dukkansu biyu fayil ɗai-ɗai suke kula da shi, kowane fayil da kundin tarihinsa, kuma sunan kundin daga sunan fayil ɗin ake ciro shi. A 1986 Dick Grune na ƙasar Holan ya ɗora CVS a kan RCS domin mutane da yawa su iya aiki tare, amma ya gaji wannan tsarin kamar yadda ya same shi. Wato a wurin CVS suna shi ne fayil, fayil shi ne suna, babu ma wani umarni na sauya suna. Mai son yin haka hanya uku gare shi, kuma kowace da ƙayarta. In ya goge tsohon ya shigar da sabo, to sabon zai fara rayuwa kamar jaririn da aka haifa yau, ba iyaye ba kakanni. In ya shiga cikin ma'ajiyar da hannunsa ya sauya wa kundin tarihin suna, tarihi ya biyo shi, amma duk wanda ya nemi aikin yadda yake bara zai tarar da fayil ɗin ɗauke da sunan bana, sai abubuwa su ƙi haɗuwa. In kuwa ya kwafi kundin ya bar tsohon, sai tarihin ya zama biyu, fayil ɗaya ya riƙa fitowa a wuri biyu a tsofaffin matakai. Saboda haka mutane da yawa suka gwammace su haƙura da mummunan suna shekara da shekaru da su taɓa shi.

Gyara irin wannan na cikin abin da ya haifar da Subversion, wadda kamfanin CollabNet ya fara a 2000, ta kai ga fitowar 1.0 a watan Fabrairun 2004. Ita ta zo da umarnin svn move, wanda a ƙarƙashinsa abu biyu ne: a kwafi fayil zuwa sabon suna tare da rubuta daga ina aka kwafo shi, sannan a goge tsohon. Da haka tarihi ya daina yankewa. Amma saura ƙiris, domin in ni na sauya suna a reshena, kai kuma kana can kana gyara fayil ɗin da tsohon sunansa, ranar haɗe rassa gyaranka zai zo ya tarar gidan da yake nema an tashi. Sai a fitowar 1.6 ta 2009 Subversion ta fara tsayawa ta sanar da mutum cewa ga irin wannan karon an yi.

Shekarar 2005 ita ce ta raba gari. Masu aikin Linux sun kasance suna amfani da BitKeeper kyauta, da aka janye musu wannan damar sai Linus Torvalds, ɗan asalin ƙasar Finlan, ya zauna a watan Afrilu ya fara rubuta Git. A watan nan dai aka sanar da Mercurial. Ita Mercurial ta zaɓi ta rubuta a cikin tarihi cewa wannan fayil daga wancan ya fito, muddin ka gaya mata. Bazaar, wadda kamfanin Canonical ya ɗauki nauyinta, ta ma wuce nan, domin kowane fayil lamba take ba shi ta dindindin kamar ta katin ɗan ƙasa, ko sau goma ya sauya suna lambar na nan. Shi kuwa Torvalds ya ce sam, Git ba zai rubuta komai game da sauya suna ba. Hujjarsa ita ce abin da ke yawo a cikin aiki shi ne rubutun da ke cikin fayil. Yau ka yanki rabin wannan ka kai wancan, gobe ka haɗe biyu su zama ɗaya, jibi ka raba ɗaya gida uku, to wanne za a ce shi ne magajin wanne? Gara a ajiye komai yadda yake a kowane mataki, ranar da wani ya yi tambaya sai a duba a ba shi amsa.

Yadda Git ke ajiya ya yi kama da na mai shagon ajiyar kaya a tasha. Abin da ke cikin fayil shi ne buhu, kuma lambar da ake manna wa buhun daga abin da ke cikinsa ake lissafo ta, wata doguwar lamba mai haruffa 40 a tsarin SHA-1 da Git ya taso da shi. In ka sauya ko wasali ɗaya lambar ta sauya gaba ɗaya, in ba ka taɓa komai ba tana nan. Babu suna a jikin buhu. Sunaye na cikin rajista daban, inda aka rubuta cewa suna kaza na buhu mai lamba kaza ne. Kowace ajiya da ka yi tana nuna rajistar wannan lokacin, da ajiyar da ta gabace ta, da sunan mai yi da ranar. Ka ga ke nan sauya suna bai wuce a rubuta sabuwar rajista wadda wani suna ya ɓace a cikinta wani ya bayyana ba. Umarnin git mv ma da ake ganin kamar wani abu ne na musamman, taƙaita maka aiki kawai yake yi, ko da hannu ka matsar da fayil ɗin ka sanar da Git sakamakon ɗaya ne.

To ta yaya yake gane cewa sauya suna aka yi? Da ƙiyasi. In ka nemi tarihi sai ya jera sunayen da suka ɓace a gefe guda, waɗanda suka bayyana a ɗaya gefen. Duk biyun da lambar buhunsu ta zo ɗaya, magana ta ƙare, kashi 100 ne. Sauran kuma sai ya daddatsa kowanne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana ƙarewa a ƙarshen layi ko kuma in ta kai bayit 64, ya ƙirga nawa ne suka zo daidai. In kamannin ya kai kashi 50 cikin 100 sai ya ce wannan shi ne wancan. In bai kai ba sai ya ce an goge ɗaya, an ƙirƙiri wani sabo. Wannan kashi 50 ɗin shi ne ya taɓa mu.

A 2022 mu huɗu muka haɗu a kan wani kundi na tatsuniyoyi da labaran tsofaffi. Akwai ni, da wani abokina malamin makaranta, da wani matashi ɗan jami'a mai kaifin kai da zafin nama, sai kuma wata Hajiya marubuciya da ta girme mu duka, wadda ita ce ta bi tsofaffin mata gida-gida a garinsu tana ɗaukar labarai tana rubutawa. Babi 12 cikin 20 nata ne. Mun ajiye aikin a Git, na koya mata umarni ukun da take buƙata, ta riƙe su ƙam. Mun kuma yi yarjejeniya tun farko cewa jerin sunaye a bangon littafi zai bi gwargwadon aikin da tarihin ya nuna, don kada a zo ana jayayya daga baya.

Ita Hajiya da tsohuwar hanya take buga rubutu, irin wadda muka saba da ita lokacin da allon kwamfuta ba shi da haruffa masu lanƙwasa: k' a madadin ƙ, d' a madadin ɗ, b' a madadin ɓ. Tana kuma haɗe kalmomi irin su "yace" da "tace", kuma kowane sakin layi nata dogon layi ɗaya ne. Wani dare matashin nan, da kyakkyawar niyya, ya zauna ya yi wa kundin kwaskwarima. Ya kwashe babobin daga jakar da ke ɗauke da sunan kowa ya zuba su a jaka ɗaya, ya ba su sababbin sunaye masu lamba, ya mayar da haruffan zuwa masu lanƙwasa, ya raba kalmomin da aka haɗe, sannan ya yi ajiya ɗaya tal a kan duk wannan aikin.

Washegari da hantsi ta kira ni, muryarta a sanyaye, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce, "Malam, na duba babin Gizo da na rubuta, sunan yaron nan kaɗai na gani, daga layin farko har na ƙarshe. Haka muka yi da ku?"

Duk wanda ya bi tarihin adabin kasuwar Kano ya san zargin da aka daɗe ana jifan marubuta mata da shi, wai maza ne ke rubuta musu littattafai su kuma su sa suna. Hajiya ta sha wannan maganar a ƙuruciyarta har ta ƙoshi. Yanzu ga na'urar da aka ce mata ba ta ƙarya tana nuna cewa aikin da ta yi shekara biyu tana yi, ɗan cikinta ne ya rubuta shi a dare ɗaya. Ta ce in dai haka ne a cire babobinta, ta fasa. Shi kuma matashin da labari ya kai masa sai ya kira ta jiki na rawa yana cewa, "Wallahi Hajiya ban goge komai ba, gyara kawai na yi." Gaskiya ya faɗa, ita ma abin da idonta ya gani ta faɗa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ka tuna gunduwar nan mai bayit 64. Kusan kowace gunduwa ta rubutun Hausa za ka samu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, da an taɓa harafi ɗaya gunduwar ta daina zama irin ta da. Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne raba kalmomi, domin in ka ƙara tazara ɗaya a farkon dogon layi, duk iyakokin gunduwoyin da ke bayanta sun goce, har zuwa ƙarshen sakin layin. Mutum in ya karanta zai ce labarin nan ne ba abin da ya sauya, amma a lissafin Git kamannin ya faɗo ƙasa da rabi nesa ba kusa ba. Sai ya yanke hukunci cewa babobin Hajiya an goge su, waɗannan kuwa sababbi ne, kuma wanda ya shigar da su shi ne mai su. Umarnin git blame, wanda ke rubuta sunan mai kowane layi a gefensa, ya bi wannan hukuncin ya liƙa wa matashin komai.

Da yamma muka taru a gidanta. Abu na farko da na nuna mata shi ne tarihinta bai je ko'ina ba. Na nemi git log da tsohon sunan fayil ɗin, sai ga ajiyoyinta sun jeru tun daga ta farko, da ranaku, da ɗan bayanin da take rubutawa da hannunta, har da ranar da ta rubuta cewa tsohuwar da ta ba ta labarin ta rasu. Ta daɗe tana kallon wannan layin ba ta ce komai ba. Daga nan na rage ma'aunin kamannin da -M zuwa kashi 20, ya gano wasu babobin, wasu kuwa ko da hakan bai gane su ba. Rage ma'auni ma ba abin dogaro ba ne, domin in ka sassauta da yawa yana iya haɗa fayil da wanda ba danginsa ba saboda sun yi tarayya a wasu layuka, kuma kama da wane ba ta wane.

Maganin da muka yi shi ne muka koma ajiyar da ke gabanin ta matashin, muka tsiro da sabon reshe daga nan, shi da kansa ya sake aikin a taki biyu. A ajiya ta farko ya matsar da fayilolin ya sauya musu suna ba tare da ya taɓa ko ɗigo ba, Git ya nuna kashi 100 a gaban kowanne. A ta biyu ya yi gyaran haruffa da rabon kalmomi. Da muka nemi git log --follow sai tarihin kowane babi ya miƙe tun daga tushe. Saura git blame, wanda har yanzu ke ba shi layukan da ya gyara wa haruffa. Wannan ma akwai maganinsa tun fitowar Git 2.23 ta 2019, wato --ignore-rev, inda za ka ce a tsallake ajiya kaza saboda share-share ce kawai. Muka tsallake ta, sunan Hajiya ya dawo gefen layukanta. Na ce ko a goge tsohon reshen, ta ce a'a, a bar shi, gobe wani zai so ya ga yadda aka yi.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, domin a ranar na ji kamar in ce Bazaar da Mercurial sun fi Git gaskiya. Da lamba ta dindindin ce ke bin fayil, da ba a kai ga kiran waya ba. Amma da na natsu sai na ga kowace hanya da inda take yoyo. Wadda ke rubuta sauya suna ta dogara ne da mutum ya gaya mata, in ya manta ya matsar da fayil ta bayan fage, ko ya faɗa mata ba daidai ba, abin da aka rubuta ya zauna ke nan. Shi kuwa mai ƙiyasi yana iya kuskure yau, amma tunda komai na ajiye, in aka ƙara masa wayo gobe sai ya ba da amsa mafi kyau a kan tsohon tarihin nan ba tare da an taɓa shi ba. Hakan kuwa aka yi ta gani. A 2018, a fitowar 2.18, Git ya koyi gane cewa jaka sukutum aka sauya wa suna, ta yadda in abokin aikinka ya ƙara sabon fayil a tsohuwar jakar za a san inda ya dosa. A 2021 kuma, a fitowar 2.34, sabuwar hanyar haɗe rassa da Elijah Newren ya rubuta ta zama ita ce ta yau da kullum, kuma ta rage lokacin da gano sauyin suna ke ci a manyan ayyuka ƙwarai da gaske.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mai shirin bin shawarar taki biyu ya sani. Raba ajiya gida biyu yana taimakon mai bin tarihi ne, domin shi ɗaya bayan ɗaya yake bin ajiyoyi. Ranar haɗe rassa kuwa Git wuri uku kawai yake dubawa: inda rassan suka rabu, da ƙarshen wannan, da ƙarshen wancan. Abin da ya faru a tsakani ba ruwansa. In fayil ya sauya suna kuma cikinsa ya sauya fiye da rabi kafin a haɗe, zai sake kasa gane shi ko da ajiya goma ka raba aikin. Shi ya sa yanzu in za mu yi ƙaura irin wannan sai mun yi sanarwa, kowa ya kawo abin da ke hannunsa an haɗe, sannan a matsar, kowa ya karɓi sabon tsarin kafin ya ci gaba. Ba a tauna taura biyu.

Akwai kuma ƙananan tarkuna biyu da ke jiran mai rubutun Hausa a sunan fayil kansa. In ka sa wa fayil suna mai harafi irin ƙ, Git zai nuna maka \306\231 a wurin harafin, har ka zaci sunan ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau, sai dai ka kashe core.quotepath ya nuna maka shi yadda ka rubuta. Na biyu, Windows da kwamfutocin Apple a tsarinsu na asali ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, don haka in ka mayar da Babi zuwa babi da hannu Git na iya ƙin lura, gara ka bi ta git mv.

A nawa ganin, Git ya ɗauki ɓangaren mai cewa an sauya wa tuwo suna, kuma a lissafinsa yana da hujja. Amma mu da ke zaune gaban allo da suna muke neman abu, kuma sunan da ke gefen layi shi ne haƙƙin wanda ya yi wahala. Na'ura ta ajiye kayan kowa ba ta zubar da ko ƙwaya ba, sai dai ba ta san wace ce ta zauna a tabarma gaban tsohuwa tana rubutu har magariba ba. Wannan sanin yana wurin abokan aiki, kuma su ne za su tsara ajiyarsu yadda mai zuwa daga baya zai iya bin sawu. Duk mai shirin gyara aikin da ba shi kaɗai ya yi ba, ya fara matsarwa ya ajiye, sannan ya gyara ya ajiye, ya kuma rubuta a bayanin ajiyar daga ina zuwa ina.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar juna, Ya jiƙan tsofaffin da suka bar mana labaransu. Sai mun sake haɗuwa.